Canja Kulocin Motar Ƙungiya a Gida

Cikin tambayoyin da 'yan'uwa na ƙungiyoyin manoma a Rurum Tsohon Gari da kewayen Rano da Kibiya suke yawan yi mana, akwai wadda ba ta shafi iri ko taki ba. Suna cewa: motar ƙungiya ta fara kasa hawa tudu da kaya, makanike ya ce kuloci ne, ko za mu iya canja shi da kanmu a gida? Amsarmu ita ce i, za ku iya, a kan wasu motoci, in kun cika wasu sharuɗɗa. Aikin yini guda ne ga mutum uku masu natsuwa. Amma ku zaɓi ranar da kanku. Kada ku bari kulocin ya zaɓa muku ita a kan hanya, da buhuna a bayan mota.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar nan ba ta da lokacin da mota take hutawa sosai. Da damina a kai taki, da kaka a kwashe masara da dawa da gyaɗa, da rani kuma ga tumatir da albasa na masu noman ban ruwa. Hatsi zai jira mota kwana uku, bai lalace ba. Tumatir ba ya jira. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsada, jan mota daga ƙauye zuwa gareji ma ya zama wani kuɗi dabam. Abin da za ku tsira da shi in kun yi aikin a gida shi ne kuɗin ja da kuɗin hannu. Kuɗin kaya kam ba makawa.

Yadda kuloci yake aiki

Ka ɗauki faifai ka matse shi tsakanin tafin hannuwanka biyu. In ka juya hannuwan, faifan zai juya tare da su. In ka sassauta, hannu zai juya, faifai ya tsaya. Kuloci ke nan. Hannu na farko shi ne fulawil, ƙaton ƙarfen nan da ke bayan inji. Hannu na biyu shi ne murfi mai sifirin, wanda aka ɗaure a jikin fulawil. Faifan da ke tsakaninsu shi ne farantin kuloci, wanda yake zaune a kan sandar da ta shiga cikin giya. Sa'ad da direba ya taka feda, wani boris yakan danna tsakiyar murfin, murfin ya saki faranti, inji ya rabu da giya. A kasuwa za ku ji ana haɗa faranti da murfi a ce "filet da dis".

A fuska biyu na farantin akwai wani abu mai kama da na takalmin birki, an kafe shi da ƙananan ƙusoshi. An yi shi ne domin ya riƙa cinyewa a hankali, ya ceci inji da giya. Saboda haka ƙarewar kuloci ba laifin kowa ba ne, sai in ya ƙare da wuri.

Ku fara tabbatawa kulocin ne

Nan ne ake yawan asarar kuɗi. Ba kowace damuwar feda ce take sa a sauke giya ba.

In mota tana hawan tudu da kaya, direba ya ƙara totur, inji ya yi ta ruri amma gudu bai ƙaru ba, ga kuma wani ƙauri kamar na tsumma yana ƙuna, to faranti yana zamewa. Ga hanyar gwaji: ku kai motar fili inda ba mutum ko dabba a gaba, ku ja hambirki sosai, ku sa giya ta uku, sa'an nan ku saki feda a hankali kuna ɗan ƙara mai. In kulocin yana da rai, inji zai mutu nan take. In inji ya ci gaba da aiki alhali an saki feda duka, ya ƙare. Sau ɗaya ake wannan gwaji, gama yana cin farantin.

Amma kafin ku yanke magana, ku duba wasan feda. In ka danna feda da hannu, ya kamata ta ɗan sauka a banza, misalin faɗin yatsa guda, kafin ka ji nauyi. In wannan wasa ya ɓace, boris yana danne murfi kullum, kuloci zai zame ko da farantin bai ƙare ba. Gyaran wannan noti biyu ne da sifana, minti goma.

In kuwa damuwar ita ce giya ba ta shiga, tana kuka in za a sa ta, musamman ta baya, sau da yawa laifin yana waje. Motar da kulocinta na waya ne, wata ƙila wayar ta miƙe ko ta fara tsinkewa. Wadda ke aiki da man birki, tana da famfo biyu, ɗaya a sama wajen feda, ɗaya a ƙasa a jikin giya. Ku duba ko mai ya ragu a ƙoƙonsa, ku duba ko yana ɗiga, ku fitar da iska. Mun ga inda aka sauke giya aka sayi sabon faranti, alhali robar famfon ƙasa ce kawai ta mutu.

Kukan da yake zuwa sa'ad da aka taka feda, ya ɗauke in an saki, yawanci boris ne. Karkarwa in mota za ta tashi kuwa, ko dai mai ya taɓa farantin, ko kuma robobin da inji yake zaune a kansu sun tsage. Ku duba robobin tukuna, gama ana ganinsu daga waje.

Wace mota ce ta dace da aikin gida

Wadda injinta yake a tsaye, ƙafafun baya ne suke ja, ita ce mai sauƙi: Toyota Hilux, da Hiace, da ƙananan motocin kaya irin su Hijet da Suzuki Carry. A waɗannan ana ja da giya baya daga ƙarƙashi, inji yana nan a wurinsa. Giyar ƙananan ba ta da nauyi sosai. Ta Hilux kuwa ta kusa rabin buhun masara, mai jan ƙafa huɗu ta fi haka.

Tsofaffin Peugeot, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da 504 da aka ci gaba da yi har 2006, har yanzu ana ganinsu a kasuwannin ƙauye. A kan da yawa cikinsu makanikai sun fi son fitar da injin gaba ɗaya, saboda yadda aka haɗa giya da ƙafar baya. Wannan yana bukatar sarƙar ɗaga inji da reshe ko ƙarfe mai ƙarfi. Golf kuwa ƙafafun gaba ne suke ja, dole a cire sandunan ƙafa, a rataye inji daga sama, ga shi a kan yawancin tsofaffin Golf an ɗaura kulocin a juye, ba kamar yadda muka bayyana a sama ba. Shawararmu, Golf da manyan motoci irin su Canter, ku kai wa mai sana'a. In ya yarda, ku tura yaro ɗaya mai hankali ya tsaya ya kalla.

Sayen kaya

Ku canja uku tare: faranti, murfi, da boris. Mun san ma'ajin ƙungiya zai ce murfin nan ai da sauransa. Amma wahalar aikin duka a sauke giya take. In kun mayar da tsohon boris ya yi kuka bayan wata biyu, sabon yini ne za ku sake ɓatawa. Akwai kuma wani ƙaramin boris ko zobe a tsakiyar fulawil, inda bakin sandar giya yake shiga. Ba shi da tsada, ku haɗa da shi.

Hanyar da ta fi ita ce ku sauke tsohon tukuna, mutum ɗaya ya ɗauke shi a buhu ya tafi Kano, Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ya ɗora sabon a kan tsohon a gaban mai shago. Faɗinsu ya zama ɗaya, ramukan noti su hau, ya kuma ƙidaya haƙoran da ke tsakiyar faranti ɗaya ɗaya. Mota iri ɗaya takan zo da inji dabam dabam, sunan mota kaɗai bai isa ba. Wannan zai sa aikin ya kwana biyu, amma ya fi a komo da abin da bai shiga ba.

Sunayen da aka sani da yin kuloci mai kyau su ne Aisin da Exedy na Japan, Valeo na Faransa, Sachs da LuK na Jamus. Sai dai kwali ba shaida ba ne, gama akwai masu buga kwalin jabu. Ku saya wurin wanda zai yarda ya karɓa in bai yi ba. Akwai faranti na hannu da ake kira Beljiyam, akwai kuma tsoho wanda aka sake wa fuska. In dole ne, na Beljiyam mai kauri ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ku duba ƙusoshin: su kasance a nutse cikin ramukansu sosai. Littattafan gyara na Toyota sun ce in zurfin ya ragu zuwa milimita 0.3, farantin ya ƙare. Ku girgiza shi kuma, in ƙananan sifirin na tsakiya suna kaɗawa, ku ajiye.

Wurin aiki

'Yan'uwa, ku karanta wannan sashe a gaban duk wanda zai shiga ƙarƙashin motar. Kuloci bai taɓa kashe mai gyara ba. Mota ce take faɗowa ta kashe shi.

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Kada kowa ya sa ko da hannu a ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Kada ku tokare da bulo na siminti ko tubalin ƙasa, gama suna fashewa farat ɗaya ba gargaɗi. Kada ku jera duwatsu, ko da yake Rurum ba ta rasa su. Sa'ad da ake girgiza giya domin ta fita, motar duka takan motsa, dutse kuwa yakan sulluɓe a kan ɗan'uwansa. Ku nemi gumaguman itace masu faɗi, waɗanda aka sassaƙe suka zauna daram, ku sa su a ƙarƙashin ƙarfen gindin mota. Ku tare ƙafafun da suke ƙasa gaba da baya. Da zarar an cire farfela, sa mota a giya ba ya riƙe ta kuma. Kafin kowa ya shiga, mutum biyu su tura motar da ƙarfi ta kowane gefe. Gara ta faɗi a lokacin.

Abin da muka fi so shi ne rami, irin wanda ake gani a gareji, domin mota tana tsaye a kan ƙafafunta huɗu. Ƙungiya za ta iya haƙa nata a wuri mai tauri, inda ba yashi ba, ba kuma hanyar ruwa ba. Faɗinsa ya gaza tsakanin ƙafafun mota sosai, a shimfiɗa katako mai kauri a bakinsa inda taya za ta hau. Ba a haƙa shi da damina. Tururin fetur yana da nauyi, yakan taru a cikin rami, saboda haka ba fitilar ƙwai, ba aci-balbal, ba taba. Tocila ko fitilar caji kawai. In an gama a rufe ramin da katako saboda yara da awaki.

Saukewa

Ku fara da sassafe. Ku cire kan batir, na ƙasa, wato mai alamar ragi. Ku shimfiɗa buhu, ku kawo kwanoni uku ko huɗu, notin kowane wuri a kwanonsa. Mai waya ya ɗauki hoto kafin a kwance kowane abu.

Daga cikin mota ku cire sandar canja giya. Daga ƙasa ku tsiyaye man giya a mazubi mai tsabta. Ku sa alama da fenti ko ƙusa a inda farfela ta haɗu da ƙafar baya domin ta koma yadda take, sa'an nan ku cire ta. Ku cire sitata, da wayar mita, da wayar fitilar baya. Famfon ƙasa ku kwance shi ku ɗaure a gefe, kada ku buɗe bututunsa, kada kuma kowa ya taka feda daga nan. A wasu motoci sai an sassauta salansa.

Ku tallafi bayan inji da jak, da katako mai faɗi tsakaninsa da kaskon baƙin mai. Ku cire ƙarfen da giya take zaune a kai, ku kwance notocin da suka kewaye bakin giya. Na sama sukan ɓuya, ku lalube su da hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka: mutum biyu su riƙe giya, na uku yana lura. Ku ja ta baya a miƙe har sandar ta fita duka kafin ku sauke. In kun bari nauyinta ya rataya a kan sandar, za ta lanƙwasa abin da ke ciki.

Notocin murfi ku sassauta su kaɗan kaɗan kuna zagawa. Ku lura da gefen farantin da yake fuskantar fulawil kafin ya faɗo.

Za ku ga baƙar ƙura a ciki. Kada ku hura ta da baki ko da famfo. Tsofaffin faranti, da wasu masu araha har yanzu, suna ɗauke da asbestos, abin nan na tsohon silin da kwanon rufi. Ƙurarsa takan zauna a huhu, cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa, shi ya sa ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shi gaba ɗaya tun 2005. Ku rufe hanci, ku goge da jiƙaƙƙen tsumma, ku binne tsumman.

Yanzu ku dubi fulawil. Ɗan ƙyalli ba kome, sanfefa za ta gyara. In akwai zurfin zane da farce yake kamawa, ko tsaga, ko tabo shuɗi mai yawa, sai an kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe a daidaita fuskarsa. In kun ga danshin mai, ku nemi inda ya fito, ko robar bayan inji ko ta bakin giya, ku canja ta. Sabon faranti a wurin da mai yake ɗiga, kuɗi ne aka zuba a rijiya.

Ɗaurawa

Ku wanke hannu. Ku goge fuskar fulawil da ta sabon murfi da tsumma mai ɗan fetur, gama murfi yakan zo da man hana tsatsa. Sabon boris kuwa kada ku wanke shi, da giris ɗinsa a rufe a ciki. Ku shafa giris kaɗan ƙwarai a haƙoran sandar giya, ku zura farantin a kai ku gani yana tafiya sumul, sa'an nan ku goge abin da ya taru. In ya yi yawa zai fantsama a kan farantin.

Ga inda aikin yake. Dole farantin ya zauna daidai a tsakiyar fulawil kafin a ƙulle murfi, in ba haka ba giya ba za ta koma ba, ko kun kwana kuna turawa. Makanikai suna amfani da tsohuwar sandar giya. In kun samu irinta wurin masu tsofaffin kaya, ku saya, ta zama ta ƙungiya. In babu, ku kai wa masassaƙi tsohon faranti da ƙaramin boris ɗin nan na fulawil, ya sassaƙa muku itace mai tauri, irin na ƙotar fartanya, mai kauri biyu: bakinsa ya shiga ƙaramin boris cif, jikinsa ya cika ramin faranti cif. Ku zura itacen ta cikin faranti har cikin fulawil. Gefen farantin da tsakiyarsa ta fi tudu shi ne yawanci yake fuskantar giya, da yawa kuma an rubuta a jikinsu gefen da zai dubi fulawil. Ku ɗora murfi a kan 'yan turakunsa, ku ɗaura notoci da hannu, sa'an nan ku ƙulle kaɗan kaɗan, wannan sai na daura da shi, kuna zagawa har sau uku ko huɗu. Notocin ƙanana ne, kada ku ƙara wa sifana bututu. In an gama, itacen ya fita ya koma ba tare da an tilasta shi ba. In ya cije, ku sassauta ku sake.

Ku sa sabon boris a kan cokalinsa, ku tabbata maƙallansa sun kama. Ku ɗaga giya a miƙe da inji. In ta tsaya saura kaɗan, haƙora ne ba su haɗu ba: ku sa ta a giya, ku juya bayanta da hannu kuna turawa a hankali, za ku ji ta shige. Abin da muke roƙonku kada ku yi shi ne jawo ta da noti. In akwai sauran rata kuka ƙulle, ko faranti ya lanƙwashe ko bakin giya ya tsage, shi kuwa ba a samunsa da araha. Sai ta manne da inji da hannu kafin a sa sifana.

Sauran aiki mayarwa ne. Kada ku manta da man giya. Abin dariya ne a faɗa, amma da yamma, an gaji, ana ɗokin a ji kukan inji, shi ake mantawa. Ku daidaita wasan feda, ku tayar da inji, ku gwada kowace giya a tsaye kafin ku fita.

Direba da littafin ƙungiya

Sabon kuloci yana so a lallaɓa shi mako ɗaya ko biyu, da kaya marasa nauyi. Bayan kwana bakwai ku sake duba notocin farfela da na ƙarfen giya, ku sake duba wasan feda.

Kwamiti kuma ya zauna da direba. Abubuwan da suke cin kuloci da wuri sanannu ne: ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, riƙe mota a kan tudu da kuloci maimakon birki, tashi da giya ta biyu da kaya, da ruri a cikin laka ko yashi ana so a fita da ƙarfi. Minti biyar na wannan na ƙarshe yakan cinye abin da zai yi shekara. In mota ta kafe, a sauke kaya, a haƙa, a sa rassa, a tura. Amma kada a ɗora wa direba laifi duka. Sau da yawa 'yan ƙungiya ne da kansu suke cewa a ƙara buhu biyu kawai, ai nawa ne ya rage.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki a ƙasarmu shi ne bazara, bayan tumatir ya ƙare kafin a fara jigilar taki, ko kuwa 'yan makonnin nan bayan ɗaukewar ruwa kafin masara ta bushe. Sakatare ya rubuta a littafin ƙungiya ranar da aka canja, da abin da mita ta nuna, da sunan kayan da aka sa da inda aka saya. Itacen da aka sassaƙa da tsohon faranti ku ɗaure su tare, ku rubuta sunan motar a jiki, ku rataye a ɗakin ajiya inda gara ba za ta kai ba.